Land Rover ɗin Kawu da injin Nissan: kuloci uku cikin wata bakwai

Faifan kuloci na uku da aka ciro daga motar Kawu har yau yana idona. Masta, bakaniken motar, ya aje shi kan benci a garejinsa da ke Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, muka kewaye shi kamar masu zaman makoki. Fatar gefensa ko rabi ba ta ci ba. Tsakiyarsa ce, inda sandar giya ke shiga, ta yage daga jikin faifan. Sifirin biyu sun fice daga gidajensu, ɗaya ma a ƙasan ƙoƙon giya, wato murfin da ke rufe kuloci tsakanin inji da giya, aka tsinto shi a lanƙwashe. Kulocin da direba ya kashe da ƙafa ba haka yake mutuwa ba: fatarsa ce ke cinyewa, ta yi baƙi, ta yi ƙauri. Wannan daga ciki aka kashe shi. A ranar ban san haka ba, kuma duk cikinmu babu wanda ya tsaya ya yi wa faifan kallon tambaya.

Motar Land Rover ce Series III, doguwar, mai inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, cikin waɗanda aka ƙera a Ingila daga 1971 zuwa 1985. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, fataucin masara da doya yake yi. Gidansa na Aboabo a nan Kumasi, amma rabin rayuwarsa a Ejura take. Manyan motoci kan tsaya cikin gari ranar Litinin, ranar kasuwa, ita kuwa Land Rover ita ke kutsawa ƙauyuka ta kwaso kaya daga bakin gona, ta hanyoyin da in ruwa ya sauka sai tarakta. Ni ke riƙe masa littafi, saboda haka duk sidin, kuɗinmu na Ghana, da motar nan ta ci ta hannuna ya bi.

Injinta na asali dizal ne mai lita 2.25, wanda ko yana sabo doki 62 ne ƙarfinsa. An yi masa ringi sau biyu, an yashe silindarsa har ta kai iyaka, daga ƙarshe ya fara haɗa ruwa da baƙin mai. Aka duba aka ga jikin injin ne ya tsage. Nan maganar gyara ta ƙare.

Masta fita ne na gaske, a nan haka muke ce wa bakanike, kuma ya fi shekara goma yana duba motar. Hanya uku ya shimfiɗa wa Kawu. Ko a nemo injin Land Rover na 200Tdi, wanda ya fito a 1989, da yake ɗan gida ne kuma yana hawa giyar Series ba tare da wahala mai yawa ba. Sai dai mai lafiya wuyar samu gare shi, ga tsada, ga turbo, kuma ƙarfin murɗawarsa ya kusa ninka na tsohon injin, abin da tsohuwar giya ba ta so. Ko a sa injin Nissan tare da giyarsa, amma sai an san yadda za a haɗa shi da ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi zuwa ƙafa huɗu, a yanke farfela biyu, a sauya wurin libar canja giya a cikin mota. Ko kuma a sa injin Nissan TD27 shi kaɗai, a ɗaura shi da giyar Land Rover.

Kawu ya ɗauki ta uku, kuma har gobe ina ganin ya yi daidai. TD27 lita 2.7 ne, ba turbo, dokinsa tamanin da 'yan kai. Taimin ɗinsa da haƙoran ƙarfe yake tafiya, babu bel ɗin da zai tsinke a daji. Abin da ya fi komai, shi ne injin da ke cikin tsofaffin bas-bas na Urvan da ake trotro, wato haya, da su, don haka ko a Ejura ka nemi nozul ko gasket za a miƙo maka. Aka sayo hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a cikin Magazin, aka tayar da shi a ƙasa kan tsohuwar taya muna kallo, ya yi ƙara mai daɗi.

Yawancin aikin Masta ya yi shi da kyau, kuma dole in faɗa. Ya yanke kujerun injin ya sake walda su a kan shasi. Kaskon baƙin mai ya so ya taɓa kan aksul ɗin gaba in mota ta faɗa rami, ya rage shi ya toshe da walda, ko ɗigo bai taɓa yi ba. Lagireto, salansa, wayar kashe injin da ta maye gurbin tsohuwar igiyar da ake ja, duk lafiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin bayan injin da bakin giya. A wasu motocin ƙoƙon giya murfi ne kawai, kana iya cire shi ka sa wani. A Series ba haka ba ne. Boris ɗin da ke riƙe da sandar giya, da na gaban sandar da ke ƙarƙashinta, duka a jikin ƙoƙon suke zaune, ke nan ƙoƙon wani sashe ne na giyar kanta. Gidan fulawil na Land Rover kuma ba ya hawa bayan injin Nissan. Dole a ƙera wani abu a tsakani: faranti mai kauri da zai kama injin, da zobe a jikinsa da zai karɓi ƙoƙon, da mazaunin kik.

Ina wurin ranar da aka yi shi. Yaron Masta ya ɗora kwalin katan a bayan injin, ya bi ramukan noti yana ɗan bubbuga su da gudumar mai kan ƙwallo har shatinsu ya fito, ya yi haka a bakin ƙoƙon. Aka kai wa mai walda, ya yanka ƙarfe da wutar gas, ya haɗa faranti da zobe. Aka huda ramuka. Waɗanda ba su zo daidai ba aka sa magagari aka buɗe su. Akwai fegi biyu na ƙarfe a bayan injin Nissan, waɗanda aikinsu shi ne tsayar da giya a tsakiya cif. Ɗaya ya hana farantin zama, aka zare su duka. Da aka zo tura giya, hancin sandar ya ƙi shiga bushin tagullan da ke gindin karanshaf, sai aka ɗan faɗaɗa bushin. Ta shige, aka ɗaure noti, aka yi kabbara. Wallahi a lokacin burge ni abin ya yi. A Magazin, wurin da tun daga sunansa, wanda ya gada daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa, har zuwa yau ƙarfe ake sarrafawa, irin wannan dabarar ce ke ciyar da mutane, kuma sau da yawa tana fisshe su.

Makonnin farko sai hamdala. Motar da a da take hawa tudun Mampong da giya ta biyu tana tari, yanzu da ta uku take haye shi da kaya. Sannan ƙananan abubuwa suka fara. Da safe giya ta ɗaya da ribas sai an yi kokawa, suna gurzawa ko an taka kuloci har ƙasa. Sai giya ta huɗu ta fara ficewa da kanta, musamman in direba ya ɗaga ƙafa daga totur a gangara, har ya koma tuƙi da hannu ɗaya a kan libar canja giya. Man giya ya fara ɗiga ta ƙasan ƙoƙon. Cikin wata na uku kuloci ya tafi a hanyar Sekyedumase, da buhunan masara a baya, aka jawo ta da tarakta. Aka sa sabo. Bayan wata biyu shi ma ya bi sahu.

Kowa a gareji yana da bayani, kuma bayanin ɗaya ne: injin ya fi ƙarfin giya. Masta ya ƙara da cewa kulocin kasuwa na yanzu ba na da ba ne. Kawu kuwa direba ya sa wa ido. Yaron ɗan Ejura ne, shekararsa huɗu da motar, bai taɓa kashe kuloci ba sai yanzu, amma wannan bai hana a ce yana ɗora ƙafa a kan feda ba, yana fizgar mota don ya ga ta sami ƙarfi. Ranar da na uku ya mutu Kawu ya ce da ni in lissafa hakkin yaron in sallame shi.

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri a ƙara dubawa. In an kawo wani direban ya kashe na huɗu fa?"

Ya yi shiru, ya ce, "To, mako ɗaya."

Wani mai sayar da boris, wanda ya gaji da ganin fuskata, shi ya yi mini kwatancen wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe can cikin lungu. Kowa Baba yake ce masa. Mutumin arewa ne, Hausarsa da Twi ɗinsa duk ɗaya. Na kai masa faifan a leda. Ya juya shi sau biyu, ya sa babban yatsa ya shafa fatar, bai tambaye ni wace mota ba ce, sai ya ce, "Ɗana, wa ya yi muku farantin? Da agogo aka zaunar da shi?" Na ce wane agogo?

Washegari ya zo garejin Masta da kansa, da ɗan akwatin katako a hammata. Sai da ya gaisa da Masta sosai, ya ce ya zo ne su duba tare, don a Magazin shiga aikin wani ba tare da sallama ba abin faɗa ne. Ya sa aka sauke giya, aka kwance ƙoƙon daga jikinta, aka mayar da ƙoƙon shi kaɗai kan farantin aka ɗaure. Ya buɗe akwatin ya fito da agogon awo, mai allura ɗaya da ɗan tsinke a ƙasa. Ya kafa shi a jikin fulawil da maganaɗisu, ya saita tsinken ya taɓa cikin ramin da boris ɗin sandar giya ke zama. Ya sa alli ya raba bakin ramin gida huɗu. Sannan ya ce da yaron Masta ya juya injin da sifana a hankali.

A sama ya tsayar da allura kan sifili. Injin na juyawa allura na tafiya, tana tafiya, ta zagaye fuskar agogon gaba ɗaya ta wuce. Da tsinken ya kai ƙasa Baba ya rubuta 1.4 a jikin ƙoƙon da alli. Aka sake zagayawa sau biyu, lissafin bai canja ba.

Ya ce, "Masta, raba shi biyu."

Masta ya ce, "Bakwai ke nan, Baba."

Milimita 0.7 tsakiyar giya ta sauka ƙasa da tsakiyar karanshaf. Abin da masu wannan aiki suka yarda da shi bai wuce 0.005 na inci ba, wato wajen milimita 0.13. An ninka shi fiye da sau biyar. Yadda aka yi kuwa a fili yake: babu fegi, ramuka sun yi faɗi, nauyin giya ya ja ta ƙasa kafin a ɗaure noti, noti kuma suka riƙe ta a inda suka same ta. Da ya mayar da tsinken kan fuskar zoben, nan ma allura ta yi rawa, domin zafin walda ya murɗe ƙarfen kuma ba a wanke fuskarsa a inji ba bayan ya huce. Giyar ta sauka, kuma ta karkace.

Na ce masa ni dai ban ga yadda abin da bai kai kaurin farce biyu ba zai yaga ƙarfe. Ya ɗauko wata waya a ƙasa ya ba ni, ya ce in lanƙwasa ta kaɗan in mayar, in yi ta yi. Sandar giya wuri biyu take dogara, boris a baya, bushi a gaba. Faifan kuloci yana kanta, amma fulawil da murfin kuloci sun matse gefensa suna juya shi a kan tasu tsakiyar. In tsakiyar biyu ba ɗaya ba ce, kowane zagaye sai cibiyar faifan ta lanƙwasa ta dawo. Daga baya na zauna na yi lissafin da kaina. Aksul ɗin Series 4.7 ne, wato farfela ta zagaya sau 4.7 kafin taya ta zagaya sau ɗaya, ƙaramar giya a sama 1.15, da taya 7.50-16, in mota na gudun kilomita 80 a giya ta huɗu injin na zagaye kusan 2,900 a minti. Awa ɗaya a hanya, lanƙwasa fiye da 170,000 ke nan. Wayar da ke hannuna ko talatin ba ta kai ba ta karye.

Sauran alamomin duk daga nan suka fito. Bushin da aka ciro ya zama kamar ƙwai, hancin sandar na gogar gefensa, shi ya sa ko an taka kuloci sandar ba ta daina juyawa, ta ɗaya da ribas suke gurzawa. Giya ta huɗu a wannan akwatin giyar ba ta bi ta wasu haƙora, sandar gaba ce ake kullewa da ta baya kai tsaye, to in ta gaban tana rawa sai ta riƙa tura makullin baya har ya fice. Rawar ce kuma ta cinye boris ta buɗe wa mai hanya.

Masta bai yi gardama ba, wannan na yaba masa. Ya daɗe yana kallon lambar allin, ya ce shi ya sha yin irin wannan farantin ba a dawo masa da shi ba. Baba ya ce ya yarda, wani sa'in kwali kan faɗa daidai.

Kwana shida sabon farantin ya ɗauka. Baba ya sa aka yi walda tukuna, ya bar ƙarfen ya huce da kansa har kwana, sannan ya ɗora shi a inji ya wanke fuska biyun, ya fitar da ɗan kafaɗar da bakin ƙoƙon zai zauna a ciki ba wasa. Aka mayar da fegin Nissan guda biyu mazauninsu. Wajen zaunar da ƙoƙon ne ya ci kusan yini: a ɗaure noti sama-sama, a juya injin, a karanta agogo, ya ɗan doki gefe da gudumar tagulla, a sake juyawa. Kokonsa da ƙosai suna gefe har suka huce. Sai da allura ta daina wuce 0.08 a duk zagayen ya ce a ɗaure tamau, ya sake aunawa, sannan ya huda ramuka biyu ya kafa sababbin fegi, yadda ko bayan shekaru aka sauke giyar za ta koma inda take.

Kaurin farantin ma ba da ka ya zaɓe shi ba. Ya auna daga fuskar fulawil zuwa bakin ƙoƙon, don hancin sandar ya shiga bushi sosai ba tare da ya tokare gindin karanshaf ba, kuma boris ɗin kuloci ya sami tazarar da zai tura murfi. A aikin farko wannan bai zo daidai ba, ashe har ƙara wa sandar fam ɗin kuloci tsawo aka yi da guntun noti. Aka cire ta aka sa ta asali. Ya sassaƙa sabon bushi na tagulla ya jiƙa shi cikin mai kwana guda. Fulawil da murfi na Nissan aka bari, faifan kuwa na Land Rover ne mai inci tara da rabi, domin cibiyarsa ce mai haƙora goma da ke hawa sandar giyar. Na Nissan haƙoransa ƙanana ne masu yawa, ba ya shiga. A cikin giyar Masta ya canja boris ɗin gaba da abin tare mai da makullin ta uku da ta huɗu, ya zuba sabon man giya EP90.

Masu cewa injin ya fi ƙarfin giya ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma Baba da kansa ya ja wa direba kunne. Giyar Series an yi ta ne don injin da bai kai wannan ba. Aksul ɗin baya na doguwar Series III, wanda ake kira Salisbury, yana da ƙwari, amma sandunan ƙafar gaba sirara ne masu haƙora goma, kuma in mota ta kafe a laka aka ja jan liba na ƙaramar giya baya aka yi ta fizga, su ko haƙoran cikin giya wani zai ba da kai. Ya ce masa ya tashi a hankali, kada ya labta wa injin nauyi a giya ta huɗu yana ƙasa-ƙasa, domin bugun dizal a ƙaramin gudu guduma ce a kan haƙora. Sai dai wannan gargaɗi ne na abin da ka iya faruwa. Abin da ya riga ya faru, agogo ya nuna mai shi.

An kawo shawarar a sa aksul na Range Rover mai 3.54 don injin ya rage ihu a kan kwalta. Kawu ya ƙi, ya ce shi ba tsere yake zuwa yi Ejura ba, ƙarfin ja a laka ya saya. Na goyi bayansa, har da wani dalilin: birkin motar nan na ganga ne ƙafa huɗu, yadda aka yi shi tun farko, kuma saukowa tudun Mampong da doya a baya ba wurin ƙarin gudu ba ne.

Lambar injin da ke takardun motar ta tsohon ce, don haka sai da na ɗauki rasit ɗin sayen sabon na je ofishin DVLA, hukumar lasisin motoci, aka gyara. Duk mai shirin canja inji ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin tun a wurin saye.

Da na tattara littafi, kuɗin kuloci uku da jan mota sau biyu da kayan cikin giya sun haura kuɗin aikin Baba nesa ba kusa ba, ban da masarar da ruwa ya daka a hanyar Sekyedumase. Kawu ya so Masta ya biya. Aka zauna bayan la'asar a ƙofar garejin, da mai boris a matsayin shaida. Masta ya ce, "Alhaji, kuɗi ba ni da su, amma hannuna naka ne." Aka tsaya a kan ya yafe ladan sauke giya da mayarwa da gyaran cikinta, Kawu ya ɗauki kuɗin kaya. Direba kuwa babu wanda ya ba shi haƙuri da baki. Kawu dai ya ƙara masa wani abu a kuɗin wata, ya ce in rubuta shi a matsayin kuɗin abinci.

Motar ta yi damina biyu tun daga nan da kuloci ɗaya. Giya ta uku tana ɗan kuka in an sake totur, Masta ya ce tabon wancan lokacin ne a jikin haƙora, za ta kai wani lokaci a haka. Tsohon farantin yana bayan kujerar direba. Yaron ya hana a sayar wa masu gwangwan, ya ce faɗinsa daidai ne da gindin jak in taya ta nutse a laka.